Labulen Tarbar Kwamiti

Mai labule ba ta taɓa yarda baƙo ya ga tsummanta ba. Ko a gida, in aka yi sallama, sai ta tura bokitin tarar yoyo ƙarƙashin gado kafin ta amsa. To, wannan halin ne ta tafi da shi rukunin shagunan da take ɗinki a can bayan gari, kuma shi ne ya ci su gaba ɗaya.

Bene ne, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Da can wuri ne na gani na faɗa: banki a kusurwa, lauyoyi a sama, filin ajiye motoci sai an yi cacar baki kafin a samu gurbi. Sai aka buɗe sabuwar hanya ta kewaye unguwar, motoci suka daina biyowa. Banki ne ya fara tattara nasa ya nasa, lauyoyi suka rufa masa baya, sauran ma suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Aka bar ita, da Baba mai aski, da mai gyaran waya, da wani mai kemis wanda rabin kwalayen da ya jera babu komai a ciki. Silin ya yi dabbare-dabbare saboda yoyo, ciyawa ta fasa kwaltar filin motoci, tantabaru kuwa suka gaje ofishin lauyoyi ba tare da an kai kowa kotu ba.

Shagon nan shi ne cin gidanta tun da ciwon ido ya zaunar da maigidanta. Kuma labule ba a ɗinka shi a lungu, sai da ƙaton teburin yanka, wanda ko ƙofar ɗakinsu ba zai shiga ba. Rasa shagon rasa sana'ar ne, ta san wannan sarai.

Wata safiya manajan ginin ya tara su a gindin matakala, yana ta share gumi.

"Gwamnati ta fito da tallafi na farfaɗo da wurare irin namu," in ji shi. "Rufi, fenti, wuta, komai. Amma wuri ɗaya za a ba a shiyyar nan, ko mu ko wancan rukunin na bayan gidan mai. Kwamiti zai zo ya duba. In muka rasa, mai gini ya ce sayarwa zai yi wa kamfanin da ke neman wurin ajiye kaya, kowa ya kama gabansa."

"Me suke so su gani?" in ji mai kemis.

"Wallahi ni ma ban sani ba."

Baba mai aski ya yi dariya. "A kai su sama su gaisa da tantabaru, a nuna musu bokitan yoyo. Shi ke nan, an gama duba."

"Haba Baba!" Mai labule ta dafe ƙirji. "Manyan baƙi za su zo, mu tarbe su da kashin tsuntsu? Wa ka taɓa gani ya zuba dukiyarsa a kango? Sai sun ga wurin da sauran numfashi za su taimaka."

"Ƙanwata, ni dai na san likita ba ya ba mai lafiya gado."

"Kai dai riƙe almakashinka, ka bar mana wannan."

Aka yi dariya, kuma aka bi tata, don maganarta ta fi daɗin ji. Shi kansa Baban, da aka fara aiki, shi ya riƙe mata tsani.

Abin da ke tona asirin gini tagoginsa ne, manya-manya, ta ciki ana hango ƙura da wayoyin da aka tsinke. Nan ta sa ƙarfinta. Ta sauko da bandiran yadin da take ji da su, mai ruwan zuma da mai ruwan toka da leshin nan fari da ta daɗe tana jiran mai sabon gida ya zo ya saya. Ta auna kowace taga, ta shimfiɗa a tebur. Da ta ɗora almakashi a kan na farko hannunta ya ɗan tsaya, don yadi in an yanka shi ba ya komawa, kuma tagogin ofis ba irin na gidajen mutane ba ne. Ta ce bismillah ta keta.

Maigida ya ji ƙurar yadi a jikinta ya tambaya, "Wane mai arziki ne ya kawo aiki haka?"

"Aikin gwamnati ne," ta ce.

"A'a, lallai mun girma!" Ya yi ta murna, ita kuwa ta shige ɗaki.

Ranar zuwan kwamiti, wanda ya san wurin ba zai gane shi ba. An cire ciyawa, an kori tantabaru, an kwashe bokitai an kulle a bayan gida. Kowace taga, sama da ƙasa, ta sha labule mai tattara, an ɗaure shi gefe da igiya mai tuntu. Kowa ya gayyato danginsa su yi kamar masu sayayya. Mijin ƙanwarta ya kawo motarsa ya kuma roƙo na abokansa, fili ya cika. Ƙanwar tata ta yi ta sintiri da ledoji cike da tsumma, ɗan wan mai kemis ya zauna a tsohon banki da kwat yana duba jarida. Baba ya yi wa mutum ɗaya aski har ya rasa abin da zai aske, ya koma gyara masa gira.

Shugabar kwamiti, wata doguwa mai tabarau, ta zaga tana gyaɗa kai, mai ɗaukar hoto na biye da ita. Ta tsaya ta shafa leshin nan da yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Kai, hannunki da kyau. Ashe wurin nan da ransa. An ce mana ya mutu."

"Ina! Sai godiya," in ji mai labule, zuciyarta fari ƙal. Ranar ko ƙasa ba ta ji tana takawa ba.

Manaja ya ce a bar labulen a rataye, ko za su dawo ba zato. Aka bari. Rana ta yi ta dukansu ta gilashi, damina ta shigo, ruwa ya biyo bango ya sauka a kansu, don an hana mayar da bokitai. Tana ganin mai ruwan zuma yana komawa ruwan ƙasa, tana kau da kai.

Da sakamako ya fito, manaja bai tara kowa ba. Shago-shago ya bi, nata ne na ƙarshe, kuma a bakin ƙofa ya tsaya.

"An ba na bayan gidan mai," ya ce. "Sun ce su ne ke cikin halin ni-'yasu. Can ko shara ba su yi ba, har akuya aka tarar a bene. Mu kuwa sun ce kasuwarmu na tafiya, ba ma buƙata."

"Ka ce su dawo! Mu nuna musu silin, mu fito da bokitan!"

"Na faɗa. Sun ce ai sun gani da idonsu, ga hotuna."

Ta zauna a kan teburin yanka. Baƙin ciki ya cika ta, kuma babu wanda za ta ɗora wa laifi. Baba mai aski ya leƙo, ta sunkuyar da kai tana jiran ya ce ai na faɗa. Bai ce ba. Tsani ya jawo ya ce, "Taso ƙanwata, mu sauke kayanki." Wannan ya fi zagi ciwo.

Babu labulen da ya sauko lafiya. Gefen da ya kalli rana ya koɗe, gindin ya yi baƙin danshi, leshin kuwa tana ja ya yage a hannunta. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Mai gini ya sayar. Teburin yanka ta bar shi a inda yake, don babu inda za ta kai shi. Keken ɗinki da ƙunshin labulen aka ɗora a bayan motar mijin ƙanwarta, ta zauna a gaba, maigida na gida yana jiran labarin aikin gwamnati.

A daidai gidan mai cunkoso ya tsayar da su. An kewaye wancan rukunin da kwano, leburori na ta sauke siminti, kuma an kafa ƙaton allo a bakin titi. Mijin ƙanwar ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah! Yaya, waccan ba motata ba ce?"

Ta ɗaga kai. Nasu ginin ne a hoton, fili cike da motoci, ƙanwarta riƙe da ledojin tsumma tana murmushi, kowace taga da labulenta, sabo fil, tattarar ta zauna daram. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa haka wannan wuri zai koma in an gama aiki.

"In tsaya ki duba da kyau?" ya tambaya.

"Mu je," ta ce. "Ni na ɗinka, na san yadda yake."