Sawun da ke Ƙarƙashin Daɓe

Bartholomew mai fenti ya ɓalle tagogin ɗakin duka biyu kafin ya shigo da kaskon garwashi. Ya ɗaure hancinsa da jiƙaƙƙen tsumma, ya miƙa wa Emilia wani. Ya ce mata ƙaron da za su kankare daga daɓen nan na loko ne, wato ma'aikatar jirgin ƙasa, irin wanda ake liƙe ƙarfe da shi, in ya ji zafi tururinsa na juya kai. Ya ce da zarar ta ji jiri, ta fita waje.

Emilia ta dawo Kafanchan ne daga Gabas bayan yaƙi. A rikicin sittin da shida ta gudu da yara a jirgin ƙasa. Mijinta Nicholas, direban jirgi, ya ce zai biyo su. Bai zo ba, ba kuma wanda ya ga gawarsa. Maƙwabcinsu Malam Jibir ya riƙe mata gidan, ya ba ta makulli da hannunsa. Komai na nan, sai daɓen uwar ɗaki da ta tarar an malale shi da ƙaro mai ƙyalli, launin zuma. Ba ta iya barci a kansa, ko da rana tsaka sanyi yake yi.

Bartholomew yakan ɗora kaskon har wurin ya yi laushi, ya kankare da faffaɗan ƙarfe, ya zuba ɓawon a bokiti. Wajen azahar ya dakata. Ashe zubi biyu ne, wani kan wani.

"Madam, zo ki gani."

A zubin ƙasan akwai sawun mutum, ba takalmi, ya taka tun ƙaron bai daskare ba. Ƙafar hagu yatsu huɗu ne. Emilia ta durƙusa ta sa tafin hannunta a ciki. Ƙarfen layin dogo ne ya cire wa Nicholas ɗan yatsan, shekarar aurensu.

Suka bi sawun da kasko, taki bayan taki, daga ƙofa zuwa tsakiyar ɗaki. A nan ya tsaya, ƙafa biyu a jere. Suka kankare kewayen. Babu na komawa.

Bartholomew ya ƙwanƙwasa wurin da ƙotar ƙarfen. Ya yi amo irin na tulun da ba ruwa.

"In fasa?"

Emilia ta miƙe tsaye. Ta ɗaga kai. Malam Jibir na tsaye a bakin taga, bai yi sallama ba, hularsa a hannu.

"Shigo, Malam," ta ce a hankali. "Kai za ka nuna mana inda za a fara."