Ajin Malam Shittu Mai Baki Ɗaya

Malam Shittu, malamin Faransanci a wata sakandare ta Goronyo, ya yi imani koyarwa ba ta wuce yadda aka koya masa karatun allo ba: malami ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya. Zango guda cur ya kwashe a kan kalmomin da Faransawa ke ware mutum daga cikin taro da su. Ya ce "chacun", wato kowane ɗaya, aji ya ɗauka har masu sayar da albasa a bakin hanya sun haddace. Shi kuwa yana tsaye yana gyaɗa kai, ido a lumshe, wai shi ga gwani.

Sai ga labari: mai duba makarantu za ta zo daga Sakkwato, kuma malamin da ajinsa bai yi abin kirki ba za a mayar da shi Tursa, wani ƙauye mai nisa da mugunyar hanya. Malam Shittu ya tsorata ƙwarai, don tsohuwarsa tana kwance a Taloka, kullum da yamma yakan hau babur ya dubo ta.

Mai duba makarantun, Hajiya Halimatussa'adiya, ta iso, ta zauna a bayan aji. Malam ya ɗaga sanda, yara suka zuba Faransanci kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Har ya fara jin tausayin sauran malamai.

"Madalla," in ji Hajiya. "To, tunda darasin kowane ɗaya kuka yi, ɗaya shi tashi shi faɗi."

Ta nuna wani dogo kusa da taga. Yaron ya miƙe, ya buɗe baki, ya dubi dama, ya dubi hagu yana jiran 'yan'uwa su fara ya bi. Ba wanda ya fara. Na biyu ma haka, ta uku har da hawaye.

"Kunya suka ji, ranki shi daɗe," Malam ya ce, gumi na bin wuyansa.

"To lallashe shi. Kira shi da sunanai. Wanga dogon, mi sunanai?"

Malam Shittu ya zuba wa yaron ido. Shekara biyu yana gabansa, yau ya fara ganin yana da tabo a goshi. Kunya ta rufe shi.

Yaran kirki, ba su bar malaminsu ya tozarta ba. Baki ɗaya, yadda ya hore su, suka amsa masa: "Khalid."

Hajiya ta tambaye shi ko babur ɗinsa zai iya hanyar Tursa da damina.