Taragon Mata

Shekara shida Yaya Rilwanu ya yi yana karatu a Misra bai leƙo gida ba. Lokacin da ya tafi ina aji biyar a firamare. Ranar da muka sauka a filin jirgin Alƙahira, ni da Umma, a dogon hutun 2012, sai da ya kira sunana sau biyu kafin na yarda mai gemun nan shi ne. Na ruga na riƙe hannunsa. Umma kuwa ta tsaya can baya tana gyara mayafi.

Ya durƙusa. "Hajiya, sannunku da hanya."

"Yawwa," ta ce, idonta na kan akwati.

Yaya shi ne ɗan farin Umma. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta haɗa ido da shi. Kakarmu ce ta raine shi. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku". A garinmu Funtuwa babu wanda zai ga abin mamaki a nan, kunya ce, haka aka tarar. Amma ni da nake tare da ita kullum na san wani abu. Tun watan da Yaya ya ce saura jarrabawa ɗaya ya gama, ta sa aka yi wa ciki da falon da ke kusa da zaure fenti, aka sa labule. Ta ce ɗakin baƙi ne. Baƙo ko ɗaya bai taɓa kwana a ciki ba.

A unguwar Hay el-Sabi' suke zaune, hawa na biyar, shi da matarsa Anti Awadiyya. Bahaushiyar Sudan ce, rabin maganarta Larabci, ga dariya. Tun a bakin ƙofa ta rungume Umma ta sumbaci kanta, Umma ta sandare kamar an watsa mata ruwan randa.

Kwana goma muka zo yi, kuma Yaya ya rantse sai mun ga gari. Mun je dalar Giza, na ƙi hawa raƙumi don tsoro. Mun shiga tsoffin masallatai ina karanta rubutun bango a hankali, yana gyara mini. Mun je unguwar Ard al-Liwa gaida iyayen Anti, inda mahaifiyarta ta dafa kan Yaya tana ce masa ɗana, tana tura masa nama a gaba. Umma ta yi ta juya cokali a kofin shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa.

A hanyar dawowa ne Yaya ya gaya mini, ni kaɗai. An ba shi gurbin majistir, wato digiri na biyu, kuma ranar Lahadi za a rufe karɓar takardu.

"To za ka kai?" na tambaya.

"Ban sani ba, Kausar. Da Hajiya za ta ce in dawo, wallahi tare za mu hau jirgi." Ya yi ɗan murmushi. "Sau ɗaya dai nake so in ji ta faɗa."

Na so in ba shi labarin ɗakin, bakina ya yi nauyi. Ni dama haka nake, magana ta fi zo mini a takarda. Sai washegari muna wanke-wanke na gaya wa Anti, har da launin labulen.

Ta tafa hannu, kumfa ta fallatsa. "Ya salam! To me ake jira? Ni ma ina son ganin ƙasar kakana. Halas, shi ke nan, ki bar mini."

Da na san yadda za ta yi, da na riƙe ta.

Ranar Juma'a da la'asar Yaya ya ɗauko mana kwalekwale mai filafilai a kogin Nilu. Iska na kaɗawa, dogayen otal-otal na wucewa a gefe, daga wani jirgin ana kiɗa 'yan mata na rawa. Umma ta zauna a wannan ƙarshen, Yaya a wancan. Muna tsakiyar ruwa Anti ta matsa ta kama hannun Umma, ta ɗaga murya don mijinta ya ji.

"Hajja, ga Rilwanu nan, ki gaya masa da bakinki. Kina so ya dawo, ko ba haka ba? Kausar ta ce har ɗaki kin gyara mana."

Na ji kamar ƙasan kwalekwalen ya buɗe. A gabansa, a gaban suruka, a gaban ƙanwarsa, har da baƙon Balarabe mai tuƙi. Ko da Umma za ta faɗa, ba a nan ba, ba ta haka ba. Ta kalle ni sau ɗaya, ta zare hannunta a hankali.

"Ɗakin baƙi ne," ta ce. "Wanda ya zo neman ilimi ai sai ya gama. Ya zauna ya yi karatunsa. Allah ya yi albarka."

"Amma Hajja..."

"Awadiyya," in ji Yaya, "ya isa." Ya sunkuyar da kai. "To, Hajiya. Na gode."

Mai tuƙi ya ga mun yi tsit, ya nuna mana wata gada yana bayani. Babu wanda ya waiwaya.

A jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari muka kama hanyar gida. Akwai taragon mata a tsakiya, nan Yaya ya tsayar da mu, ya ce mu sauka a tashar Abbasiya, shi zai shiga na gaba. Ya juya ya tafi cikin cunkoso. A nan ne na ga Umma ta kalle shi. Ta ɗaga kai sosai, har da ɗage, tana bin ƙeyarsa da farar hularsa tsakanin kawunan mutane har ya shige. Muka shiga, jirgi ya tashi, ba ta nemi wurin zama ba.

"Ya rame," ta ce, ba da kowa take ba. "Wuyansa duk ya fito. Tafiyar ma ta babansa ce."

Anti ta fashe da kuka. "Ma'alish, Hajja, ki yafe mini. Mu a wurinmu uwa faɗa take yi kawai. Bari mu sauka in gaya masa gaskiya."

"Kada ki kuskura."

"Umma," na ce, "shi fa jira yake ki ce. Da bakinsa ya gaya mini."

Wata tsohuwa Bamisriya ta miƙo wa Umma takardar share hawaye, ta karɓa ta riƙe a hannu.

"Na riga na sa masa albarka a kai," ta ce. "In dawo in ce na fasa? Ya bar karatu saboda ni, a ce uwarsa ce ta kasa haƙuri?"

Da ƙofa ta buɗe a Abbasiya Yaya yana tsaye yana neman mu. Na buɗe baki, Umma ta matse mini yatsu, na rufe.

Ranar Lahadi da safe ya sa takardunsa a jaka, ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce ya tafi. Umma ta ce a dawo lafiya. Muna jin takunsa yana sauka, hawa biyar, har ƙofar ƙasa ta rufe. Sai ta juyo gare ni.

"Kausar, ke da kike karance-karance. Shi wannan majistir ɗin shekara nawa ake yi?"

"Uku, Umma. Wani lokacin huɗu."

"Huɗu," ta ce. Ta tashi ta je bakin taga.