Ranar Da Na Kira Gide Malam

Ni da Gide taubasai ne, uwarshi ƙanwar babana ce. Tun muna yara a gidan kakarmu a Mabai ban taɓa ganinshi na bar shi ya wuce lafiya ba. Shi ya ce ni baiwarshi ce, ni in ce wane shi, ɗan mace da ƙafafu kamar sillen kara. Shi ke hawa kanya ya kaɗo, ni in tsince nunannun in gudu. Da ya girma ya koma Damari, gemu ya yi fari, gari duk na ce mashi Malam Gide. Ni kam Gide na sani, wanda tunkiyar kaka ta taɓa kora har cikin rumbu.

Sai ga ciwon daji ya kama shi a hanji. Aka yi mashi aiki, aka maƙala mashi jaka a gefen ciki, aka yi ta ƙarin ruwan magani. Bayan damina likitoci suka ce ciwon ya kai hanta, amma akwai wani maganin da za a gwada a Zariya. Gide ya ce ya gaji, ba inda za shi. Ɗanshi Mas'ud ya zo har Ketare ya same ni.

"Gwaggo, ki zo. Ke kaɗai yake jin maganarki."

Na tafi da bakina cike da tsiya. Ina shiga ɗakin na ga abin da ya rage na mutumin. Ban san sadda na durƙusa ba.

"Sannu Malam. Ya jiki, Malam?"

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya fuska ga bango.

"Har ke, Suwaibatu? To shi ke nan. Kowa ya gama yi mani ladabin gawa."

Kai, maganar nan ta soke ni! Na fita tsakar gida na zauna kusa da matarshi Adama, haushin kaina kamar ya kashe ni. Ta ce tun da aka dawo da shi daga asibiti ba wanda ya yi dariya a gidan, har jikoki sanɗa suke yi.

Na share ido, na gyara ɗaurin zane, na koma na banko labule.

"Kai Gide! Ragon banza! Namiji da jaka kamar mai zuwa biki? Tashi ka ba uwargijiyarka wuri."

Adama ta ce innalillahi. Shi kuwa kafaɗarshi ta fara rawa. Dariya yake yi yana dafe ciki.

"Ji mummuna. Wa ya bar baiwa ta shigo da takalmi?"

Muka wuni muna tone-tone: kanyar Mabai da aka sare, dambun kaka, ranar da muka ɓata a kasuwar Ƙanƙara yana kuka ina lallashi. Ya rantse ni ce mai kukan. Da la'asar na ce mashi tsoron allura ne ya hana shi Zariya, tun yana yaro haka yake. Ya ce zan gani.

Washegari Mas'ud ya kawo mota. Ana kama Gide zai shiga, ya ce a dakata, ya yafito ni. Na matsa ina shirya wata tsiyar, sai ya rage murya.

"Suwaiba, bar wasa. Kowa cewa yake zan warke. Ke gaya mani, zan dawo?"

Ina son mutumin nan kamar raina, kuma ban taɓa yi mashi ƙarya ba.

"Ban sani ba, Gide. Allah ne ya sani. Amma ka tafi."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "Yauwa." Ya ɗaga ƙafa da kanshi ya shiga motar.