Kwaɗon Ɗakin Janareto

Shekarata shida ina kula da janareton wani kamfanin robobi a Idu. Ni ke zuba masa baƙin mai, in duba ruwan lagireto, in wanke masa filta. Ko matata ba ta samun wannan lallashin daga gare ni.

Manajarmu, Madam Angelina, dokokinta biyu ne. Na farko, kada janareto ya mutu ana cikin aiki, domin narkakkiyar roba za ta daskare a cikin injuna, kuma duk wanda ya jawo hakan ya kama gabansa. Na biyu, saboda ɓarayin dizal, maigadi Bappayo ya datse ɗakin janareto da kwaɗo duk lokacin da zai bar bakin ƙofa. Salansar janareton kuwa, wato bututun fitar hayaƙi, ta tsage tun farkon damina. Sau uku ina faɗa wa Madam, tana cewa sai wata mai zuwa.

Ranar wata Juma'a aka ɗauke wuta tun safe, ruwa kuma ya kece kamar da bakin ƙwarya. Feshi ya riƙa shiga ta tagogi yana neman wayoyin wuta, sai na ce ni mai dabara, na sa aka toshe tagogin da katako ta waje. Wajen ƙarfe ɗaya na tuɓe riga saboda zafin ɗakin, na rataye ta a baranda da wayata a aljihu, na shiga bayan injin in ƙara ɗaure salansar. Bappayo ya leƙo bai gan ni ba. Ya danna kwaɗo ya tafi masallaci abinsa.

Da na gama na tura ƙofa, ta ƙi. Na doke ta da sifana, na yi kira har muryata ta dushe, amma wa zai ji mutum a gaban wannan rugugin? Na tura katakon tagogi, ashe kafintan tsakani da Allah ya yi aikinsa. Hayaƙi ya fara taruwa. Kaina ya soma sara, na zauna dirshan a ƙasa na manna hanci a ƙasan ƙofa, inda ruwa ke shigowa.

Makashin injin yana nan kusa, taku uku. Na fi kowa sanin abin da hayaƙin nan ke yi wa mutum, ni ke yi wa maƙwabta wa'azi a kai. Amma na zauna ina kallon jan maɓallin nan ina tuna 'ya'yana huɗu a Masaka da yadda aiki ke wuya a garin nan. Tsoron Madam ya fi min tsoron mutuwa, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Da na ga barci na neman ɗaukata, na rarrafa na danna. Injin ya yi tari ya yi tsit.

Ban gama sauke numfashi ba na ji gudu da ƙarar makullai. Madam ta buɗe kwaɗo ta fizge ƙofa, na faɗo waje cikin ruwa ina amai.

"Sale! Wane ne ya kashe jen? Tashi ka kunna, roba zai bushe!"

Na ce mata ga shi can, ta shiga ta kunna. Ta zura kai ciki, tari ya sarƙe ta, ta ja da baya tana dafe ƙirji. Ta juyo ta dube ni.

Minti arba'in na yi ina dukan ƙofar nan ba wanda ya zo. Shi kuwa janareto ko minti biyu bai yi da yin shiru ba.