Kujerun Aro

"Kazar dai kun ci ta, Alhaji," in ji Sanda. "Da idona na ga ka tauna har ƙashi."

Alhaji Garba ya zare tabarau ya ajiye a kan fayil, a hankali, yadda ya saba yi lokacin yana darakta in zai wanke ƙaramin ma'aikaci tas.

"Da ni kake, Sanda? Na ci. An kawo mini, na ci. Kuma ita kazar ce hujjata. Macen da ke yanka wa baƙi kaza ba ta rasa wurin kwana ba."

"Ita kaɗai gare ta."

"Kai ke mata kiwo?"

Su huɗu ne a zauren, amintattun Gidan Habiba. Gida ne mai ɗaki tara a Badarawa, kakar Sanda ta bar shi wakafi kafin ta rasu, ta ce a riƙa zaunar da wanda ya rasa matsuguni har Allah ya hore masa nasa. Ba mai biyan amintattun nan komai. Duk Asabar bayan la'asar suke zama. Alhaji Garba ne shugaba. Malam Ubaidullah, mai makarantar bayan layi, shi ke buɗe taro da addu'a ya rufe. Hajiya Nafisat, tsohuwar nas, ita ke riƙe da biro. Shi Sanda kafinta ne. An saka shi don jinin mai gidan ne, kuma don in rufi ya fara yoyo a sami mai hawa.

Ɗaki na shida ne ya zama babu kowa, mutum biyu suka nema. Akwai Zuwaira, wadda mijinta masinja ne a wata ma'aikata. Ya rasu, ta fita takaba, aka ce ta kwashe 'ya'yanta uku ta bar kwatas ɗin Unguwar Rimi kafin ƙarshen wata. Akwai kuma Ɗanjuma, ƙato mai lafiya, direban ƙanen Alhaji Garba, yana zaune a Mando.

Dokar gidan ita ce ba a ba da makulli sai amintattu sun je sun ga halin mutum da idonsu. Marigayiya Habiba da ƙafa take zuwa, ba sanarwa. Da Alhaji ya karɓi shugabanci ya ce wannan ƙauyanci ne, ya kawo tsarin ofis: takarda mai hatimi, da rana da lokaci, mako guda kafin zuwa.

Haka aka yi wa Zuwaira. Ranar da suka je suka tarar da darduma har bango, labule mai nauyi, turaren wuta, talabijin a kan teburi an rufe shi da ƙyalle. Ga kujeru uku masu laushi. Alhaji ya nutse a ɗaya ya ce "Masha Allah." Aka kawo farfesun kaza a kwanon tangaran. Suka yi awa guda cur.

Sanda tun daga bakin ƙofa ya gane kujerun. Shi ya haɗa su da hannunsa lokacin bikin yayarsa Jamila, wadda ke layi na biyu da kwatas ɗin. Ƙafar baya ta wadda Alhaji ke kai, shi ya yi mata ƙari da guntun katakon maɗaci bara. Ya dubi Zuwaira, ta dubi ƙasa. Sai ya ja bakinsa. Ba a tona asirin mace a gaban baƙinta. Ya ce a ransa zai faɗa ranar taro.

Wurin Ɗanjuma kuwa ko ruwa ba a ba su ba. Tabarma ɗaya, buta, riga a jikin ƙusa. A tsaye suka yi minti biyar a bakin ƙofa, Hajiya Nafisat tana cewa "Wayyo, bawan Allah." Ba wanda ya kalli siminti. Sanda ya kalla. Ga sawun ƙafafun gado huɗu, ga tsatsar gindin firij, ga wayar dish ta talabijin tana lilo ta taga ba abin da aka jona mata.

Asabar da ta biyo, hadari ya haɗu, Alhaji ya ce Sanda ya hau ya ɗaure kwanon ɗaki na shida kafin ruwa ya sauko. Yana sama yana buga ƙusa, su suna ƙasa suna yanke hukunci. Da ya sauko ya tarar suna shafa Fatiha, an ba Ɗanjuma ɗakin.

Shi ya sa yau ya zo da abin a wuya.

"Kujerun na Yaya Jamila ne," ya ce. "Ni na yi su. Darduma ta matar liman ce. Talabijin ko kunnuwa ba ya yi, ta ari gawarsa ne don ya cika ɗaki. Takardarku ce ta firgita ta. Ta ji manyan mutane za su zo."

Hajiya Nafisat ta taɓe baki. "To wa ya aike ta? Ni abin da na gani na rubuta. Ga shi nan: tana da rufin asiri."

"Har kika tambaye ta inda ta sayi labule, Hajiya."

"Kai, Sanda, ka iya bakinka. Na haife ka."

Ya juya wurin Malam Ubaidullah. Shi ne ya koya masa karatu, shi ne ya yi wa kakarsa salla. Malam yana jan carbi yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Malam, ka ce wani abu."

"Sanda, ɗana," in ji Malam da sanyin murya, "an shafa Fatiha a kan maganar nan. Tun zamanin Hajiya Habiba, abin da aka shafa wa Fatiha a zauren nan ba a tayar da shi."

"Ko an shafa ta a kan ƙarya?"

"A'uzu billahi," in ji Alhaji. "Ka ji irin yaran yanzu."

Sanda ya ɗago kai cike da ƙyama. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Mutanen kirki, a bakin gari. Ana nuna su a masallaci ana cewa ga masu aikin Allah kyauta. Shi kuwa ba abin da yake gani sai maiƙon nan da ya gani a gemun Alhaji ranar, da yadda Malam ya suɗe yatsa ya ce a kai wa yara sauran, alhali ba abin da ya saura sai wuya da romo.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli.

"Ni na sa wa ɗakin sabon kwaɗo. Ga makullin, ba shi da na biyu. Ku tashi mu koma wurinta yanzu, ba takarda, ba hatimi. In kun tarar da kujera ko ɗaya, ni zan kai wa Ɗanjuma wannan har Mando da ƙafata."

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Amma makullin na hannun Sanda, ga shi ya yi wa ƙanensa alkawarin ba Ɗanjuma ɗakin gobe. Ya tattara babbar rigarsa.

"Mu je. Don dai in rufe maka baki."

Suka shiga mota. Suka bi ta cunkoson Keke Napep, suka shiga layukan Unguwar Rimi masu dogayen katangu, suka tsaya a kwatas ɗin da fentinsa ya gama saɓulewa.

Sanda ne ya yi sallama. Aka daɗe kafin a amsa. Zuwaira ta leƙo, hannunta duk toka, ta ga farar rigar Alhaji, sai ta ja da baya kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta jawo hijabi daga igiya. Ba labulen da za ta ɓuya a bayansa.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "Ku shigo."

Ɗakin ya zama fili. Buhuna uku an ɗaure bakinsu a lungu. Katifa ɗaya an naɗe da igiya. Ta ƙofar baya ana hango akurki a buɗe, ba komai ciki. Ta ɗauko tabarmar roba wadda gefenta ya zare, ta kakkaɓe, ta shimfiɗa a tsakiya, ta gyara ta da tafin hannu.

"Bismillah."

Ba wanda ya zauna. Alhaji ya ɗage gefen rigarsa kada ta taɓa ƙasa. Hajiya Nafisat ta ja mayafi ta rufe hanci, wai hayaƙi. Malam ya tsaya a dokin ƙofa.

Zuwaira ta ɗago ta dubi Sanda.

"Kai ka kawo su?"

"Yaya, don a gyara ne."

"Jamila ce ta gaya maka?"

"Ba ta ce komai ba. Na gane aikina ne."

Kallon da ta yi masa ya fi zagi. Ya ji ƙyamar da ya ɗauko tun daga Badarawa ta juyo ta hau kansa. Ranar farko ya yi shiru don kada ya kunyata ta. Yau ya kwaso su a mota ya kawo su kallo.

Alhaji ya yi gyaran murya. Sanda ya ɗauka haƙuri zai ba ta.

"To, baiwar Allah, ai kin ga abin da kika jawo. Kin nuna wa kwamiti abin da ba naki ba. Wannan a ofis sunansa yaudara. Gidan wakafi kuwa amana ne, ba ma saka wanda ya fara da ƙarya." Ya miƙo hannu ba tare da ya dubi Sanda ba. "Kawo makullin."

Hajiya Nafisat har ta buɗe jaka tana laluben biro.

Sanda ya durƙusa ya ajiye makullin a tsakiyar tabarmar, ya miƙe, ya mai da hannuwansa baya. Duk mai so sai ya sunkuya.

Zuwaira ba ta ko kalli makullin ba. Ta goge tokar hannunta a jikin zane, ta dubi ƙafafunsu, takalma uku masu sheƙi da ba a ko cire ba a gefen shimfiɗarta. Sannan ta dubi Alhaji ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Alhaji, don girman Allah, ran nan da wannan tabarmar kuka tarar, da kun zauna?"