Labulen da Aka Rataye a Baibai

A baibai suka rataye mini labule. Maganar ke nan, kuma ita na kwana huɗu ina faɗa wa mutanen da suka yi karatu, suna kallona kamar wani yare nake yi.

Garinmu ƙarami ne, kuma tsoho. Muna da gadar dutse, da hasumiya mai agogon da ya tsaya tun ina budurwa, sai biki na mako guda da ake yi duk shekara, baƙi su zo su ɗauki hoton gada da hasumiya su koma inda suka fito. A tsakiyar gari akwai dandamali inda ake kiɗa da wasan kwaikwayo da dogayen jawabai. Labulen da ya shekara ashirin da biyu a bayan dandamalin nan, ni na yi shi, da allura da zare. Taku goma sha biyu ne faɗinsa. Wata goma sha huɗu na yi a kansa, har mijina, Allah ya jiƙansa, ya koma cin abinci a tsaye don labule ya cinye ɗakin. Na saka kogi, na saka gada da hasumiya da rumfunan kasuwa, har karen mahauci da ke kwanciya a ƙofar gidan waya ban bari ba.

Shekara takwas da suka wuce sabon kwamiti ya sauke shi, suka rataye wata bugaggiyar leda mai hotunan fuskokinsu. Ba wanda ya zo ya faɗa mini. Na je na gani da idona, na dawo gida na kwanta.

Bana, ranar da aka buɗe biki, 'yata ta zo da murnarta.

"Inna, tashi ki shirya. Sun mayar da tsohon gidan waya ɗakin nune-nune, an ce labulenki na ciki."

Na sa tufafina masu kyau. Muna shiga na hango shi a bangon ƙarshe, an haska shi da fitilu, mutane sun taru suna ɗaukar hoto. Na matsa kusa, don idona ba kamar da ba. Sai na ga ƙulli. Ƙulli ko'ina, da jelar zare tana reto, dubbai. Hasumiya ta koma hagu, gada ta koma dama.

Bari in faɗa wa wanda bai taɓa riƙe allura ba. Bayan zane, a wurin mai ɗinki, kamar ƙarƙashin gado ne. Nan ake tura abin da ba a so baƙo ya gani. Ni kuma da gangan nake barin jelar kowane ƙulli tsawon yatsa, don in an gama biki in kwance inda ya saki in sake ɗaurewa. Wannan tsakanina da labulena ne. Shi suka haska da fitila.

"Karanta mini abin da suka rubuta a allon nan," na ce wa 'yata.

Ta karanta a zuciyarta tukuna.

"Karanta mana, ba makoki muka zo ba."

"Sun ce ba a san wanda ya yi ba. Wai ana zaton ya kai shekara ɗari."

Mai gadin wurin, Dogo, sa'ana ne, tare muka tashi a layi ɗaya. Yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Tsohuwa, ashe kin shekara ɗari kike ɓoye mana."

"Kai kana nan suka rataye shi haka, bakinka ɗinke shi aka yi?"

"Wa ke tambayar mai gadi? Tsani kawai aka ce in riƙe."

Washegari na tafi wurin shugaban kwamiti. Ɗan mai aski ne, na san shi tun yana yawo ba wando. Ofishinsa a saman kantin magani yake, matakala goma sha tara, gwiwoyina suka ƙidaya mini su. Na same shi tsakanin tulin kujerun roba da lasifika, waya a kowane kunne.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Ki yi haƙuri, makaɗa ba su iso ba, janareta ya ƙi tashi. Gobe."

Da goben ta yi na koma, aka ce ya tafi taryen baƙi. A zuwa na uku na same shi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya ɗauko wata hular biki mai rubutu ya ɗora mini a cinya.

"Gwaggo, wallahi kuskure ne, na manta shaf naki ne. Ranar rufewa za mu kira ki kan dandamali, mu ba ki takardar yabo a gaban kowa."

"Ka ga na yi kama da mai neman takarda? A juya labule."

"A juya shi ina?"

"Fuskarsa waje, bayansa bango. Kamar yadda uwarka ke sa maka riga."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya sosa ƙeya.

"Wannan kuma ba hurumina ba ne. Malamar da muka ɗauko daga birni ita ta tsara ɗakin. Kuma hoton da ke kan takardar biki, haka aka buga shi, guda dubu biyu."

"Dubu biyu. Ƙullina."

"Mutane na yabawa fa, Gwaggo."

Na ajiye masa hularsa a kan tebur na sauko matakalar nan da baya-baya, ina riƙe da ƙarfe.

Rana ta huɗu na je gidan waya da sassafe, kafin a buɗe wa jama'a, ni kaɗai, don 'yata na wurin aiki. Dogo ya nuna mini malamar. Siririya ce, mai gilashi, ba ta kai 'yata shekaru ba. Tana jin ni ce na yi labulen ta saki abin da ke hannunta ta kama hannayena duka biyu.

"Iya, ke ce? Wata biyu ina tambaya. A sito na same shi, ƙarƙashin karyayyun benci. Yau ɗin nan zan sa a sake allon, ki faɗa mini cikakken sunanki."

"Kada ki kuskura."

Ta saki hannayena.

"Gara a ce ba a san mai shi ba da a sa sunana a ƙarƙashin wannan tsiraicin. 'Yar nan, ke da kika yi karatu, ba ki san gaban zane da bayansa ba?"

"Na sani, Iya."

"To da gangan kika yi."

"Da gangan na yi." Ta gyara gilashinta. "Yaushe rabonki da ganin fuskarsa?"

"Ni na yi fuskar, ba sai na gani ba."

Ba ta yi musu ba. Ta kira Dogo ya kawo tsani, suka zare ƙusoshi huɗu na gefen dama, suka naɗo labulen a hankali har kusan rabi ya juyo. Ta matso da fitila.

Na daɗe ina kallo. Kogin da na yi da shuɗi kala uku ya zama fari kamar tsumman goge tukunya. Gadar sai ka san tana nan za ka gan ta. Jan rufin rumfuna ya koma kalar ƙasa. Karen mahauci babu shi, sai ɗan tudun zare da na gane da yatsana. Na ɗaga gefen na sake duba bayan. Can shuɗin yake, da ja, da kore, kamar jiya na sayo su.

Na nemi kujera, Dogo ya turo mini tasa.

Na san abin da ya ci shi. Dandamalin nan, yamma yake kallo. Kowace shekara nakan ce musu, in an gama biki a sauke labule a ranar. Kowace shekara sai su ce gobe, masu tsani sun gaji, shugaba ya yi tafiya. Sai ya yi wata guda, wani lokaci biyu, yana shan rana da ruwa. Kwamiti uku na yi wa wannan faɗan. Tun kafin a sauke shi na ga yana dusashewa, amma na ce wa kaina idona ne ya fara tafiya.

"Shi ya sa, Iya," in ji malamar. "Kalar tana baya. Kuma ƙullin nan naki, ban taɓa ganin irinsa ba. Duk tsawonsu ɗaya. Mutane na tsayawa a gabansa fiye da komai a ɗakin nan."

"Suna tsayawa a gaban hatsarin mota ma."

Dogo ya tuntsire da dariya, ya toshe baki da hula.

"In kin yarda, zan rataye shi a tsakiyar ɗaki, a riƙa zagayawa ana ganin gaba da baya."

"A riƙa zagaya ni ke nan. A'a. Fuska waje."

"Ba za su ga komai ba."

"Su ga abin da suka bari. Kuma ki rubuta a allon: ni na yi, kwamiti ya shanya shi a rana har ya mutu."

Ta ce sunana za ta iya sawa da kanta, amma maganar kwamiti sai da izinin shugaba. Aka kira shi a waya. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune, yana cewa baƙi daga birni za su zo ranar rufewa, Gwaggo ta rufa masa asiri. Aka ja, aka ja. A ƙarshe ya yarda a juya, a sa sunana, a rubuta cewa rana ce ta cinye kalar. Rana kawai. Kamar ita ta hau tsani ta rataye shi. Na gaji, na ce su rubuta.

Kafin azahar suka juya shi. Malamar da kanta ta hau tsanin, ba ta bar kowa ya taɓa ba, wannan kam na shaide ta. Da yamma 'yata ta zo ta karanta mini sabon allon sau biyu. Sunana ne, da na ubana, ba kuskure.

Ranar rufewa na dawo na zauna kusa da Dogo tun safe. Daga dandamali ana jin kiɗa da muryar shugaba yana gode wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Jama'a na shigowa, su tsaya wurin tsoffin akwatunan wasiƙa, su tsaya wurin hotunan gada, su zo kan labulena su wuce kamar bango ne. Tun safe har la'asar mutum uku suka tsaya. Ɗaya ma igiyar takalminsa ya tsaya ɗaurewa.

Wata baƙuwa ta zo da takardar biki a hannu, ta nuna wa Dogo hoton.

"Baba, ina wannan mai gashi-gashin? Don shi muka zo."

"Ga shi a gabanki."

Ta dubi labulen, ta dubi takardar, ta ce, "Ayya, sun lalata shi." Ta ja ƙawarta suka fita.

Dogo ya dube ni ta gefen ido.

"Tsohuwa, kin samu abin da kike so."

"Na samu."

"Ya kika ji?"

"Gwiwata ke ciwo. Yi shiru."

Da aka fara kashe fitilu malamar ta zo ta durƙusa kusa da kujerata. Ita ma ta gaji, idonta ya yi ja. Ta ce an yanke shawara ɗakin zai zauna a buɗe har bayan biki, labulen kuma nan zai ci gaba da zama, a inuwa, ba rana ba ruwa.

"Iya, baɗi fa? Ko da na kwana biyu ne, ki bar ni in juya shi su ga kalar."

Na dubi kogin nan fari. Ni na san inda shuɗi mai duhu ya ƙare mai haske ya fara, ko ba wanda ya gani.

"Muddin ina numfashi, haka zai zauna," na ce. "In na mutu ku rataye shi yadda kuka ga dama."

Ta ce to. Na ce wa Dogo ya miƙo mini hannu in tashi, ya raka ni har bakin titi, don mutanen biki sun cika hanya kuma ba sa duba gabansu.